Sai an zubar da tsohuwar manhaja gaba ɗaya ne? Tambayoyi da amsoshi kan gyara ɓangare-ɓangare

Aikina kenan na ɗan jima ina yi, saka wa mutane manhaja a kwamfuta da waya, 'yan makarantun kuɗi, masu shagon taki da maganin feshi, kemis-kemis, ƙungiyoyin manoma, daga nan yankinmu na Ringim da Taura har su Gumel in aiki ya kira. Kuma kusan duk inda na je tambayoyin iri ɗaya ne, balle in wani ya riga ni zuwa ya ce musu komai nasu ya tsufa, a zubar a sayi nasa. Ga su nan na tara, wasu ma yadda aka yi min su haka na bar su.

Malam, wai me ake nufi da manhaja mai ɓangare-ɓangare? Mu fa ba 'yan boko ba ne.

Baba in kana da sola a gida ai ka riga ka sani. Fanel daban, batir daban, inbata daban, ga kuma ɗan akwatin nan mai kula da caji. Ranar da batir ya mutu ba ka hawa kan kwano ka kwance fanel ka zubar, batir ɗin kawai kake ɗauka ka kai Kano ka dawo da wani, in ma ba irin na da ba ne ba komai muddin ƙarfinsu ɗaya kuma waya ta shiga. Yanzu kwatanta da 'yar fitilar nan mai caji da aka liƙe komai a cikinta, batir ya mutu shikenan ta zama abin wasan yara.

To haka manhaja take. A ce shagon taki ne. Akwai lissafin buhunan da ke sito, akwai sayarwa da buga rasit, akwai littafin bashi, akwai tura wa mutane saƙon tes, akwai karɓar kuɗi ta taransifa. In kowanne aikin nan an gina shi daban, yana da ƙofar da yake karɓar bayani da wadda yake miƙawa, wannan ita ce mai ɓangare-ɓangare. Ƙofar nan ita masu sana'ar ke ce wa API. In kuwa an cakuɗa su dunƙule guda, ka taɓa wajen rasit lissafin bashi ya rikice, to irin fitilar nan ce.

Wannan ba wani sabon yayi ba ne da 'yan kwamfuta suka ƙirƙiro don cin kuɗinmu?

Ya girme ni ma. Tun 1968 a wani taro da ƙungiyar NATO ta shirya a garin Garmisch na Jamus, wani masani Douglas McIlroy ya tsaya ya ce ya kamata a riƙa ƙera manhaja kamar yadda ake ƙera kayan gyaran inji, mutum ya zaɓi wanda ya dace ya haɗa, maimakon kowa ya fara daga tushe. Shi ne kuma ya matsa har aka saka wa Unix, wani babban tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, hanyar da ƙaramar manhaja za ta miƙa wa 'yar'uwarta aiki, a 1973. A 1972 wani masanin, David Parnas, ya ƙara da cewa kowane ɓangare ya riƙe sirrin cikinsa, na waje ba ruwansu da yadda yake aikinsa, su dai su san me za su ba shi, me zai dawo musu da shi. Kamar dai mai kai niƙa, ba ta buƙatar sanin fiston da ringi, ta miƙa dawa ta karɓi gari.

Tsohuwar tamu tana ba mu wahala sosai, ga nauyi ga maƙalewa. Me zai hana mu zubar da ita mu huta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce, kuma na gane zafin, mutum ya zauna layi a gabansa kwamfuta ta tsaya tana juyi. Amma kafin a yanke hukunci ina so a zauna a faɗa min takamaimai ina ne ke ciwo. Sau da yawa in aka bincika sai ka ga abu ɗaya ne ko biyu, ko wajen buga sakamakon jarrabawa ne ke nauyi, ko saƙon tes ne ya daina tafiya saboda kamfanin da ke tura shi ya canza tsari, ko ma ba manhajar ba ce, kwamfutar ce ta cika da tarkace ko faifan ajiyarta ya gaji. Sauran kuwa lafiyarsu ƙalau. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Abin da mutane ba sa gani shi ne tsohuwar manhaja ta haddace abubuwan da ku kanku kun manta kun taɓa koya mata. Bari na ba da labarin wata makarantar kuɗi da na taɓa yi wa aiki. Shekara da shekaru suna amfani da wata 'yar manhaja mummuna, wallahi kalarta ma ba daɗin gani, sai wani kamfani ya zo daga birni da tasa mai ƙyalli, hedimasta ya gani ya yaba, mai makaranta ya biya, aka kashe tsohuwar rana ɗaya ana saura sati a dawo hutu. Da aka fara karɓar kuɗin makaranta sai rigima ta tashi. Ashe tsohuwar ta san cewa maraya rabi yake biya, ta san in mutum yana da 'ya'ya uku na ukun ana rage masa, ta san 'ya'yan malamai, ta san akwai iyayen da aka yi da su sai kaka in sun yi girbi za su biya na zango biyu a haɗe. Duk waɗannan ba a rubuce suke a ko'ina ba, a hankali aka riƙa cusa su, yau wannan gobe wancan, wanda ya cusa wasu ma ya bar aiki. Sabuwar ba ta san ko ɗaya ba, sai ta turo wa uwar marayu saƙo cewa ana bin ta cikakken kuɗi. Ranar hedimasta ya sha magana, har gidan mai unguwa aka je. Kuma abin da ya dame su tun farko fa, bugun katin sakamako ne kawai ke ɗaukar lokaci, abin da za a iya cirewa a sa wani a bar lissafin kuɗi yadda yake.

Kar a ce mu ne ƙauyawa ba mu iya ba. Kamfanin Netscape na Amurka, da manhajarsu kusan kowa ke shiga intanet a tsakiyar shekarun 1990, a 1998 suka yanke shawarar ajiye tsohon rubutun manhajar su sake sabo daga tushe. Sabuwar ba ta fito ba sai Nuwamba 2000, kafin nan Internet Explorer na Microsoft ya kwashe kasuwar. Gaskiya ne daga wannan aikin aka samu manhajar shiga intanet ta Firefox daga baya a 2004, amma su Netscape ɗin ba su ci moriyar ba.

Amma ai manyan bankuna da gwamnatoci suna canza nasu gaba ɗaya, su ba su san haka ba ne?

Sun sani, kuma wasunsu sun ji a jikinsu. Bankin TSB na Birtaniya a watan Afrilu 2018 ya kwashe asusun mutanensa kaf ya mayar kan sabon tsari a ƙarshen mako guda. Aka wayi gari mutane wajen miliyan 1.9 ba sa iya shiga asusunsu, wasu ma suka buɗe suka ga bayanan asusun wasu. Shugaban bankin ya sauka a watan Satumba na shekarar, a Disamba 2022 kuma hukumomi suka ci bankin tarar sama da fam miliyan 48. Hukumar lafiya ta Ingila ita ma a 2002 ta ɗauko wani gagarumin shiri na haɗa bayanan marasa lafiya na asibitocin ƙasar a tsari ɗaya, a 2011 gwamnati ta ce a wargaza shi, daga baya kuma aka yi kiyasin zai laƙume wajen fam biliyan 10.

Mu nan ma ba sai an ba mu labari ba. Wajen ƙarshen 2024 da wasu manyan bankunan ƙasar nan suka sauya babbar manhajar da ke riƙe da asusun jama'a, duk mai POS ya san yadda aka kwana, taransifa ta fita ba ta isa ba, alat ba ya shigowa, mutum ya sayar da akuya a kasuwa yana tsaye da igiya a hannu ana jiran kuɗi su faɗo. Ban ce bankunan ba su da dalili ba, wani lokacin dole ce ke sa su. Amma su suna da ɗaruruwan ma'aikata da kuɗin da za su shanye asara, kai Alhaji da kake da yaro ɗaya a kan kwamfuta fa? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai ka san abin yi.

To in ba za a zubar ba, ta yaya ake sabunta abu a hankali?

Ka taɓa lura da yadda cediya ko gamji ke fitowa a jikin wata bishiyar? Tsuntsu ya yar da ƙwallo a tsakanin rassa, ta tsiro a can sama, ta riƙa sako saiwa ƙasa a hankali tana naɗe uwar ɗakinta, shekara da shekaru, har ranar da ta cikin za ta ruɓe ita kuma ta riga ta tsaya da ƙafarta, inuwa ba ta taɓa yankewa ba. Wani masanin manhaja Martin Fowler ya ga irin waɗannan bishiyoyi a Ostireliya, a 2004 ya ce ga yadda ya kamata a riƙa maye gurbin tsohuwar manhaja, har yau da sunan bishiyar ake kiran dabarar.

A aikace ga yadda nake yi. Farko a kwafi duk bayanai a ajiye wuri biyu, filash ɗaya a shago ɗaya a gida, kuma a gwada buɗe kwafin a gani da ido, don na sha ganin ajiyar da in an buɗe ba komai a ciki. Sai a zaɓi ɓangare ɗaya, wanda ya fi damun mutane amma in ya lalace ba zai tsayar da ciniki ba, misali saƙon tes ko bugun rahoto. A sa sabon, tsohon kuma kar a kashe shi, su yi tafiya tare sati biyu ko wata guda, kullum da yamma a duba ko lissafinsu ya zo ɗaya. In ya saɓa a tsaya a gano wa ke da gaskiya, kuma za ka sha mamaki sau nawa tsohon ne ke da ita. Sai hankali ya kwanta sannan a kashe tsohon ɓangaren a matsa na gaba. Lissafin kuɗi da littafin bashi su nake bari ƙarshe, su ne zuciyar.

Wajen kwashe bayanai kuma akwai tarkuna ƙanana masu ban haushi. Excel in ba ka yi hankali ba sai ya cinye sifirin farkon lambar waya, lambobi dubu su lalace lokaci ɗaya. Sunaye kuma, mutum ɗaya an rubuta shi Muhammad a nan, Muhammadu a can, Mamman a littafin bashi, sabuwar manhaja ta ɗauke shi mutum uku. In ɓangare ɗaya kake kwashewa za ka iya zama ka bi su ɗaya bayan ɗaya, in duka ne a dare ɗaya wa zai bi?

Wane lokaci ya fi dacewa a yi canjin?

Lokacin da kasuwa ta yi sanyi. Mai taki kar ya taɓa komai daga faɗuwar ruwan fari har a gama zuba na biyu. Mai sayen riɗi da zoɓo ya bari kaka ta wuce. Makaranta tsakiyar dogon hutu, ba satin dawowa ba. In kana cin kasuwar Maigatari to ba ranar Laraba da daddare ba, in Wudil ce ba daren Juma'a ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar kuɗi fa, wanne ya fi sauƙi?

Yawanci ɓangare-ɓangaren, amma ba don kowane ɓangare yana da araha ba. Sauƙin shi ne ba a tashi ɗaya kake zubar da kuɗin ba, bana ka gyara wajen rasit, in Allah Ya hore baɗi ka ƙara na sito, in shekara ta yi tsauri ka dakata kuma aikinka na tafiya. Sannan ba ka biyan kuɗin abin da ba ka buƙata. Na ga manhajar da aka sayar wa wata ƙungiyar manoman rani, a ciki har da lissafin albashin ma'aikata da fansho da hutun shekara, mutanen da ma'aikacinsu ɗaya ne, shi ma sakatare ne ɗan sa kai, amma ba ta san tiya ba, ba ta san mudu ba, komai sai kilo.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubutawa a takardar ciniki, wato koyo. Yarinyar da ke kan kwamfuta a kemis hannunta ya saba, ko ba ta kalla ba ta san inda za ta danna. Ka canza mata komai rana ɗaya ta koma 'yar koyo, layi ya yi tsawo, kuskure ya yi yawa, masu saye su tsallaka shagon gaba. In allo ɗaya ne ya canza kwana biyu ta saba.

Sai dai a kula da masu karɓar kuɗin wata-wata, musamman waɗanda farashinsu ke bin dala. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 waɗanda ke biyan irin wannan sun ga yadda abin ya ninka. Ɓangare biyar kowanne da ɗan kuɗin watansa, in ka tara sai ka ga ya fi na dunƙulen. A riƙa lissafin shekara, kar a tsaya kan na wata.

Garinmu sabis sai an hau tudu, wuta kuwa ba a maganarta. Wannan tsarin zai yi mana?

Ku ma ya fi yi wa amfani. In an raba aikin da kyau, ɓangaren sayarwa da rubuta bashi yana zaune a cikin wayar ko kwamfutar, ba ruwansa da intanet, ɓangaren da ke tura bayanai waje shi kaɗai ke jiran sabis, in ya samu ya tura in bai samu ba ya jira dare. Wanda aka dunƙule kuma aka ɗora shi kacokan a intanet, sabis na ɗaukewa ko rasit ba za ka buga ba. Ma'aikatan lafiya da masu zagayen rigakafi sun san wannan, manhajoji irin su ODK da KoboCollect ana cike fom da su a ƙauyen da ba sabis, in an dawo gari a tura. DHIS2 da ake tattara rahoton asibitoci da ita a Najeriya, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar gininta, ita ma tana da ƙofofin da wasu manhajoji ke miƙa mata bayanai, shi yasa ba sai kowa ya yi amfani da abu iri ɗaya ba kafin rahoto ya haɗu.

Ni POS kawai nake yi da cajin waya, ina ruwana da wannan?

Ɗan'uwa kai ma a cikinsa kake iyo. In ka tura kuɗi daga OPay zuwa wani banki, ba wai manhajarsu ɗaya ba ce, kowa da tasa, akwai dai hanyar da suka yarda su haɗu a kai, irin tsarin tura kuɗi nan take na NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan ƙasar nan, da aka fara a 2011. Shi yasa sabon kamfani zai iya fitowa ya jona ba tare da an rushe na kowa ba, shi yasa kuma kake ajiye na'ura biyu, in wannan ta ƙi ka ɗauko waccan. Wayar hannunka ma haka, tun daga Android 10 a 2019 Google ya ware wasu sassan cikinta yana sabunta su ta Google Play kai tsaye, ba sai an jira kamfanin wayar ya sako sabon tsari gaba ɗaya ba. Kuma in WhatsApp ya ƙi buɗewa ai ba ka sayen sabuwar waya, shi kaɗai kake cirewa ka sake saukewa.

Kana ta yabo, shi ba shi da aibu ne?

Yana da shi mana, duk wanda ya ce maka babu to kaya yake son sayar maka. Na farko, ciwon yana komawa mahaɗa. Kowane ɓangare lafiya lau shi kaɗai, amma wajen da suke haɗuwa nan ake samun matsala, wannan ya sabunta kansa ya canza yadda yake rubuta kwanan wata, wancan bai sani ba, sai lissafi ya tsaya. Kuma in mutum uku ne suka kawo maka ɓangare uku, ranar da abu ya lalace za ka ga tura-tura, mai rasit ya ce laifin mai sito ne, mai sito ya ce sabis ne, kai kana tsakiya da katin waya. Don haka nake cewa lallai a samu mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin mahaɗar, ko da ba shi ya gina sassan ba.

Na biyu, kana dogaro da kayan da ba ka san wanda ya ƙera ba. A watan Maris 2016 wani mai rubuta manhaja ya yi fushi ya janye wani ɗan guntun aikinsa mai suna left-pad daga rumbun da ake ɗiba kyauta, layi 11 ne kacal, amma dubban ayyuka a duniya suka tsaya cak don duk a kansa suka jingina ba su ma sani ba. A Disamba 2021 kuma aka gano wata ɓaraka a Log4j, wani ɓangare da ke cikin manhajoji ba iyaka, wadda ɓarayin intanet za su iya bi su shiga, kamfanoni da yawa suka kwana suna laluben ko akwai shi a cikin kayansu. Amma a lura, maganin da aka yi shi ne aka sabunta wannan ɓangaren, ba a ce kowa ya zubar da manhajarsa ba.

Na uku, akwai masu wuce gona da iri. Ɗan shagon da ke sayar da buhu ashirin a sati ba ya buƙatar ɓangare goma. Wani lokacin Excel ɗaya mai tsabta da littafi mai bango mai kauri sun ishe ka, kuma na sha faɗa wa mutane haka duk da cewa ni ne nake rasa aikin.

To babu ranar da za ka ce a zubar gaba ɗaya kenan?

Akwai. In babur firem ɗinsa ya tsage ba sabon fulogi zai yi maka magani ba. In manhajar ba ta da wata hanya ta fitar da bayanai, wanda ya gina ta ba a san inda yake ba kuma bai bar rubutun asalinta ba, ko kuma ba ta tashi sai a kan tsohon Windows da aka daina yi wa gyaran tsaro, to zama a kanta haɗari ne. Windows 7 tun Janairu 2020 Microsoft ya daina kula da shi, Windows 10 ma ya bi sahu a Oktoba 2025. Haka in satacciya ce da aka fasa aka saka maka a kasuwar waya, wadda ba ka isa ka sabunta ta ba. Ko kuma sana'ar ce ta canza gaba ɗaya, da kana sayar da taki yanzu ka koma casar shinkafa.

Ko a nan ɗin ma ba cewa na yi a kashe ta yau a kunna sabuwa gobe ba. A bar ta a gefe tana numfashi har a tabbatar an kwashe komai, kuma sabuwar da za a saya a tabbatar mai sassa ce, kar a sake faɗawa ramin da aka fito.

In mai tallar manhaja ya zo, me zan tambaye shi? Turanci yake ta zubawa ba na ganewa.

Hajiya ki ce ya yi miki da Hausa, in ya kasa to shi ma bai gane ba. Ki ce masa, ranar da na gaji da kai, ta yaya zan kwashe bayanaina, kuma nuna min yanzu a gabana, ya fito da su a Excel ko CSV, wato fayil ɗin da Excel ke iya buɗewa, ki buɗe ki ga sunaye da lambobi. Wannan ita ce babbar tambaya, in ya fara kame-kame ki ba shi ruwa ya sha ya kama hanya. Sai ki tambaye shi ko za ki iya sayen ɓangare ɗaya kawai ki bar sauran, ko tasa za ta iya aiki tare da wadda kike da ita, in sabis ya ɗauke me zai ci gaba da aiki me zai tsaya, in kin fasa biyan kuɗin wata zai kulle miki bayananki ne ko kuwa, da kuma wa za ki kira in abu ya lalace ranar kasuwa, yana Dutse ne ko Kano ko sai Legas. In makaranta ce ko kemis ki ƙara da tambayar ina bayanan yara da marasa lafiya suke kwana kuma wa ke iya ganinsu, don tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, kuma alhakin yana kanki ke da kika karɓa.

Duk amsar da ya bayar a rubuta a takarda ya sa hannu, da shaida.

Yaron da ya haɗa mana tamu ya samu aiki ya tafi Abuja, waya ma da ƙyar yake ɗauka. Yanzu ya za mu yi?

Kar a yi masa faɗa tukuna, lallashi za a yi, in da hali a bi ta wajen mahaifinsa ko wani babba da yake jin nauyi, in ya zo hutun sallah a zauna da shi yini guda a biya shi ladan zaman. Abin da ake so a hannunsa: lambobin sirri duka, har na imel ɗin da ya yi rajistar komai da shi, don sau da yawa da nasa na kansa ya buɗe, sannan rubutun asalin manhajar a filash, sannan ya zana a takarda ko da da biro ne, wane ɓangare ke magana da wane, ina bayanai suke zaune, wane abu ake biya wa kuɗi kuma yaushe yake ƙarewa. Ya kuma faɗi duk wasu 'yan ƙa'idoji da ya cusa, irin na marayu da na masu biya da kaka, wani ya zauna yana rubutawa.

In ya gina ta sassa-sassa, wani zai iya ɗorawa daga inda ya tsaya, ya gyara wajen da ke ciwo ya bar sauran. In kuwa a cakuɗe take, to a fara da fitar da bayanan a adana, sannan a ɗauko dabarar cediyar nan, a fara da saƙon tes. Imel ɗin kuma tun yana zaune a wurin a mayar da shi kan lambar wayar mai shagon, a gwada shiga a gabansa kafin ya hau mota.